Kogin Madison a Montana: wane wata ya dace mai koyon fatsar ƙwaro ya je?

Tambaya: Na taso a bakin Kwara wajen Yawuri, na san fatsa da mamari tun ina yaro. Yanzu aiki ya kawo ni Amurka, kuma abokan aikina sun ishe ni da labarin kogin Madison na jihar Montana, da irin fatsar nan da ake yi da ƙwaron ƙarya wanda ake ɗaurawa da gashin tsuntsu. Hutun mako guda nake da shi a baɗi. Yaushe ya kamata in je, kuma me zan tanada?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Bari in fara ba ka amsar a dunƙule, in ya so bayani ya biyo baya. In wannan ce tafiyarka ta farko, ka ɗauki hutunka ko dai tsakanin 10 da 25 ga Yuli, ko kuma a tsakiyar Satumba. Da ni ne, Satumba zan ɗauka. Abokan aikinka za su ce maka ƙarshen Yuni, kuma zan zo kan dalilin da ya sa ban bi bayansu ba.

Kada ka tsara tafiyar da sunayen lokutanmu na gida. Damina da rani da bazara ba su da ma'ana a can. Amma akwai abin da ɗan Yawuri ya sani wanda zai taimake shi: ka san Kwara takan sake cika cikin hunturu, babu ko ɗigon ruwan sama, saboda ruwan da ya zuba a tsaunukan Gini watanni da suka wuce sai a lokacin yake isowa. To Madison ma ruwan ajiya take sha. Dusar ƙanƙara ce ke taruwa a kan duwatsu tun daga Nuwamba, ta zauna can har rana ta yi ƙarfi a watan Mayu, sannan ta narke ta gangaro gaba ɗaya. Yawan dusar da ta zuba a hunturun bana shi ne zai gaya maka yadda kogin zai kasance a Yuli da Agustan da ke biye. In ta yi yawa, ambaliya ta daɗe, kome ya yi jinkiri da mako ɗaya ko biyu. In ta yi ƙaranci, ruwa ya janye da wuri, ya yi ɗumi da wuri, kifi ya galabaita. Abu biyu ke nan da za ka sa wa ido, tsayin ruwa da sanyinsa. Ƙwarin da kifin ke ci su ma waɗannan biyun suke bi, ba kalanda ba.

Sannan ka sani, sunan kogin ɗaya ne amma halinsa huɗu. Yana farawa ne a cikin gandun dajin Yellowstone, inda kogunan Firehole da Gibbon suka haɗu, ya yi tafiyar kilomita kusan 295 zuwa arewa har Three Forks, inda ya gamu da kogunan Jefferson da Gallatin suka zama kogin Missouri. Ayarin masu binciken ƙasa Lewis da Clark ne suka raɗa masa suna a 1805, sunan James Madison, wanda a lokacin sakataren harkokin waje ne. Kashi na farko shi ne na cikin gandun. Firehole ta bi ta cikin maɓuɓɓugan ruwan zafi ne, don haka wannan kashin yakan yi ɗumi fiye da yadda tirawut, kifin da ake zuwa kamawa a kogin, ke so a Yuli da Agusta, ya kuma yi daɗi a Yuni da kaka. Daga nan ruwan ya faɗa tafkin Hebgen, wanda madatsa ta tare tun 1914. Ƙasa da madatsar kaɗan akwai wani tafkin, Quake, wanda ba ɗan Adam ya yi shi ba: girgizar ƙasa ce ta daren 17 ga Agusta 1959 ta zubo da gefen dutse ya toshe kogin, mutum 28 suka rasu. Har yau za ka ga busassun itatuwa tsaye a cikin ruwan. Gajeren ruwan da ke tsakanin tafkunan biyu shi ne kashi na biyu. Na uku, wanda shi ne duk hoton da aka nuna maka, ya tashi daga Quake zuwa garin Ennis, mil kusan hamsin na ruwa mai gudu a kan duwatsu, ba gurbi mai zurfi, ba wurin da ya tsaya ya huta. Na huɗu yana ƙasa da tafkin Ennis, ya ratsa kwazazzabon Bear Trap ya fita fili. Tafkin Ennis ba shi da zurfi, rana tana dafa shi, don haka ruwan da ke fita daga cikinsa yakan yi zafi a tsakiyar shekara. Ka ga ke nan, in mutum ya ce maka "Madison tana ci yanzu", tambayar da za ka yi masa ita ce, wace Madison ɗin?

Yanzu mu bi shekarar.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ba naka ba ne. Ana kamun kifi, ban musa ba, da wasu ƙananan ƙwari kamar sauro da ke fitowa da tsakar rana in iska ta kwanta. Amma ruwa na daskarewa a zoben sandar, ƙanƙara kan cushe kogin a wajen Ennis har ruwa ya malala gefe, kuma mutumin da bai saba da sanyin da ya wuce na Jos ba bai kamata ya fara koyon tsayuwa cikin kogi a wannan yanayin ba.

Maris da Afrilu zuwa farkon Mayu lokaci ne mai kyau da baƙi ba su cika sani ba. Ruwa garau yake, bai tashi ba tukuna, kifi ya fito daga hunturu da yunwa, mutane kaɗan ne. A ranakun da gari ya yi lumshi, wani ɗan ƙwaro mai fiffike shuɗi-shuɗi yakan fito da rana tsaka, kifi ya ɗago yana tsince shi. Wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu kuma, a kashin ƙasa, wato na huɗu, ƙwaron da suke kira kadis yakan fito har ya rufe ruwa, ya shiga hanci da kunne. In ka tuna daren da aka yi ruwan farko shinge ya tashi, kaji da ƙadangaru da yara kowa ya haukace, to haka kifi ke yi. Matsalar ita ce sa'a. Kwana biyu na zafi sun isa su narko da dusa, ka kwana da ruwa garau ka tashi da ruwan kunu. Mazaunin Bozeman, birnin da ke kusa, da zai leƙa ya koma gida, wannan lokacinsa ne. Mai hutun mako guda da ya sayi tikitin jirgi tun wata uku, caca yake yi. Kuma a wannan lokacin ne tirawut mai ratsin bakan gizo ke zuba ƙwai. In ka ga fili mai tsakuwa fes a ruwa mara zurfi, kamar an share, gidan ƙwai ne. Kada ka taka, kada ka jefa wa kifin da ke kai.

Daga tsakiyar Mayu zuwa wajen tsakiyar Yuni ambaliya ce. Madatsar Hebgen tana rage mata ƙarfi, shi ya sa Madison ba ta lalacewa kamar kogunan da ba su da madatsa, amma rafin West Fork yakan zubo laka, daga mahaɗarsu zuwa ƙasa ruwa ya gurɓace. Gwanaye suna kama manyan kifi a lokacin, suna jefa ƙwaro mai nauyi dab da gaɓa inda kifi ya rakuɓe yana gudun ƙarfin ruwa. Amma tsayuwa cikin kogin tana da haɗari, duwatsunsa masu santsi ne, zagayayyu kamar kankana. In kaddara ta sa dole sai a wannan lokacin za ka je, ka nufi cikin gandun, Firehole tana kan ganiyarta a farkon Yuni.

To ga abin da abokan aikinka ke nufi. Wajen makon ƙarshe na Yuni wani ƙaton ƙwaro da suke kira samonfilai yakan fito. Tsawonsa ya kai ɗan yatsa, cikinsa ruwan lemo. Yakan yi shekara uku ko fiye a ƙarƙashin duwatsu yana tsutsa, sannan ya rarrafo gaɓa, ya hau rassan itace, ya fasa ɓawo ya fito da fiffike. Ba ya iya tashi sosai, sai ya yi ta faɗawa ruwa, manyan kifin da shekara guda ba su ɗago kai ba su riƙa fasa ruwa suna cafke shi. Fitowar takan fara daga wajen Ennis ta yi ta hawa sama kullum kaɗan-kaɗan, har ta kai kusa da Quake a farkon Yuli. Wanda ya dace da ita ba ya mantawa. Sai dai kallon kitse ake yi wa rogo. A kowane wuri kwanaki kaɗan take yi. In ka riga ta, kifi yana ƙasa yana cin tsutsa. In ka makara da kwana biyu, ya ƙoshi har wuya, ko kallon ƙwaronka ba zai yi ba. Ga jiragen ruwa jere kamar motocin tasha ranar jajiberin salla, ga masauki ya yi tsada kuma ya cika tun watanni. Na taɓa bin ta kwana biyar cur, kullum ana ce mini jiya ta wuce nan ko gobe za ta iso, na dawo da kunar rana da kifi uku ƙanana. Wannan ba tafiyar farko ba ce, ta uku ce ko ta huɗu.

Bayan ta wuce ne kogin ke zama na mai koyo. Daga wajen 10 ga Yuli ruwa ya sauka ya yi garau, har yanzu da sanyinsa, ƙwari iri-iri suna fitowa safe da yamma, kadis kuma yakan cika ruwa gab da faɗuwar rana. Kuskurenka ba zai yi maka tsada ba, domin in ka ɓata dama ɗaya wata na tafe. Rana tana da tsawo ƙwarai, magariba sai bayan ƙarfe tara, asuba kuma tun wajen huɗu, don haka ka tsara barcinka da sallolinka, in ba haka ba kwana na uku za ka riƙa gyangyaɗi a tsaye cikin ruwa. Aibin Yuli ɗaya ne, jama'a.

Agusta watan fara ne. Ciyawar gaɓa ta bushe, iska ta riƙa kaɗo fara da tururuwa cikin ruwa, kai kuma ka ɗaura babbar farar ƙarya da kake iya gani daga nesa. Da daɗi, amma a nan ne zafi ke shigowa. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, ya fi walwala tsakanin digiri 10 da 18 a ma'aunin Salshiyas. In ruwa ya haura 20, iskar da ke cikinsa ta ragu, kifin da ka ja ka saki yana iya mutuwa bayan ka juya baya. Saboda haka hukumar kifi da namun daji ta Montana take da wata doka da suke kira ta kukan mujiya: in zafin ruwa ya kai digiri 73 a ma'auninsu, wato kusan 23 a namu, kwana uku a jere, sai a hana kamun kifi daga ƙarfe biyu na rana zuwa sha biyun dare. Kashin ƙasa shi ya fi shan wannan dokar, amma a shekarun fari takan hau sama. Ƙara da hayaƙin gobarar daji da kan rufe duwatsu a wasu shekarun. Rabin yini ka biya kuɗin yini guda ke nan.

Dalilin da ya sa na fi son Satumba shi ne duk waɗannan matsalolin sun lafa lokaci guda. Yara sun koma makaranta, masu yawon buɗe ido sun ragu, dare ya fara sanyi ruwa ya huce. Fara tana nan har sai raɓa mai daskarewa ta kashe ta, ɗan ƙwaron nan mai shuɗin fiffike ya dawo a ranakun hadari. Kuma tirawut mai ruwan ƙasa, wanda shi a Oktoba da Nuwamba yake zuba ƙwai, ya fara zafin rai, yana kai wa duk abin da ya gifta hari. A nan ake ɗaura ƙwaro mai siffar ɗan kifi, a jefa a riƙa fizgowa. Manyan da suka yi shekara a tafkin Hebgen sukan hauro cikin kogin na gandun daga Satumba zuwa Oktoba, masu fatsa su jeru tun duku-duku, kowa ya yi jifa ya matsa taki ɗaya ƙasa don na bayansa ya samu wuri. Ka kiyaye wannan layin, tsallake shi rashin kunya ne a wurinsu. Oktoba ta fi ba da manyan kifi, amma dusa na iya sauka kowace rana, kuma lokacin kamun kifi na yawancin ruwan gandun yana rufewa ne a ƙarshen watan. Ko a Satumba ma ka tafi da rigar sanyi ta ƙwarai da safar hannu. Garin West Yellowstone yana sama da mita 2,000 daga teku, Ennis wajen 1,500.

Batun shiri kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai ba ka wuya ba sanin kifi ba ne, wannan ka taho da shi daga gida, ka san inda kifi ke fakewa bayan dutse da inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Jifa ce za ta ba ka wuya. A fatsarmu darma ko ƙoto ne ke da nauyi, shi ke jan zare. A nan ƙwaron ba shi da nauyin kome, igiyar ce mai nauyi, ita kake kaɗawa baya da gaba kamar bulala har ta miƙe ta ajiye ƙwaron a hankali. Hannun da ya saba wurga fatsa da ƙarfi sai ya yi ta tsinke ƙwaro a bayansa. Ka sayi sanda mai ƙafa tara, lamba 5 ko 6 (lambar nauyin igiyar da take ɗauka ke nan), ni na fi son 6 saboda iskar kwarin Madison da kan taso kusan kullum bayan azahar. Ka ɗaura ɗan ƙullin ulu maimakon ƙugiya, ka yi ta jifa a kan ciyawa minti ashirin kullum na wata biyu. Mita goma da kyau ta ishe ka. Abu na biyu, wanda ciyawa ba za ta koya maka ba, shi ne barin ƙwaron ya bi ruwa kamar ba a ɗaure yake ba. Da zarar igiya ta ja shi ya yi ɗan gudu dabam da kumfar da ke gefensa, an gama, kifi na ganinka mai jar koma.

Saboda wannan nake ba ka shawara ka ɗauki ɗan jagora mai kwalekwale a rana ta farko ko ta biyu, ba ta ƙarshe ba, don abin da ka koya ya yi maka amfani sauran kwanakin. Shagunan kayan fatsa na Ennis da West Yellowstone duk suna haɗa mutum da su. Ka kama wuri tun Janairu ko Fabrairu in Yuli kake so. Kuɗin yini ɗaya ba kaɗan ba ne, amma jirgin na ɗaukar masu fatsa biyu, sai ku raba da aboki, kuma al'ada ce a ba shi ihsani a ƙarshe. Shi ke kawo abincin rana, yawanci burodi da yankakken nama, don haka ka gaya masa tun wajen kama wuri cewa ba ka cin alade. Daga gadar Lyons zuwa Ennis ake fatsa daga cikin jirgi. Sama da gadar, wajen Raynolds da gadar da ake kira Three Dollar, da ƙafa ake shiga, kuma nan zan tura ka sauran kwanakin. Kada ka sayi ƙwari da yawa daga gida. Ka shiga shago da safe ka tambayi abin da ke ci a makon, ka sayi goma sha biyu.

Takardu iri biyu ne, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Lasisin Montana, tare da 'yan kuɗaɗen da ke maƙale da shi, ana saye ta intanet. Cikin gandun Yellowstone kuwa izininsa dabam, dokokinsa dabam: ba darma, ƙugiya ba ƙayar baya, takalmi mai tafin ulu an hana tun 2018, kuma a Madison da Firehole fatsar ƙwaro kaɗai aka yarda. Ka karanta ɗan littafin dokokin shekarar da za ka je, don sukan sauya. Dokar Montana ta 1985 ta ba kowa damar bin kogi muddin yana ƙasa da alamar da ruwa ke kaiwa in ya cika, amma ba ta ba ka damar ratsa gonar wani don ka isa ba. Ka shiga ta gada ko ta mashigar hukuma.

Akwai abin da na san zai tsaya maka a rai, don ni ma ya tsaya mini: kifin da ka sha wuya ka kama, mayar da shi za ka yi. A mafi yawan kashin sama doka ce, inda ba doka ba ma haka kowa ke yi. Dalilin yana da tarihi. Da can hukuma kan zuba kifin kiwo a kogin kowace shekara, har wani masanin kifi, Dick Vincent, ya gwada a Madison ɗin nan ya nuna cewa zubawar rage kifin asali take yi. A 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta. Ke nan duk tirawut ɗin da za ka riƙe a can, a cikin kogin aka haife shi, kuma dubban mutanen da ke zuwa da kowa zai tafi da biyu, da tuni an share shi. A 1994 kuma aka gano wata cuta mai sa ƙananan kifi juyi kamar masu hajijiya, ta kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na masu bakan gizo a wasu sassan kafin su farfaɗo. Laka a takalmi na iya ɗaukar irin wannan daga kogi zuwa kogi, shi ya sa za ka ga ana nacin a wanke kaya a shanya. In ka kama, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ka bar shi cikin ruwa, hoto ɗaya da sauri, ka sake shi.

Ga yadda zan raba makon in Satumba ka zaɓa. Ka sauka a filin jirgin Bozeman, ka ɗauki hayar mota, tafiyar kusan awa ɗaya ce zuwa Ennis. Kwana uku a can, ɗaya da ɗan jagora, biyu da ƙafarka. Sannan ka hau sama zuwa West Yellowstone, kwana uku, asuba a Madison ta cikin gandun, rana a Firehole, inda za ka yi jifa tururi na tashi a gefenka, ɓaunar Amurka na kiwo a hayi. Kada ka matsa kusa da su, sun fi kama da shanu a ido kawai. Kwana ɗaya ka bar shi ba tsari, don iska ko dusa za su ci ɗaya ko ka so ko ka ƙi. Tun daga Afrilu ka fara duba rahoton yawan dusar kan duwatsu, mako biyu kafin tafiya kuma ka riƙa leƙa ma'aunan ruwa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suna nuna tsayi da zafi a intanet kyauta. Ka sa hula da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa a kowane jifa, ƙugiya ba ta san ido ba, ka ɗaure bel a kan wandon shiga ruwa don kada ya cika in ka faɗi, ka riƙe sandar dogarawa. Yankin sama da na gandun ƙasar beyar ce, wata dabbar daji mai haɗari, manya masu ruwan toka, kuma a kaka suna neman abinci ido rufe. Ka sayi feshin barkonon da ake korar su da shi da zarar ka sauka, ka rataye shi a ƙirji, ba cikin jaka ba. Ba a shiga jirgin sama da shi, don haka ranar komawa sai ka bar wa wani a masauki.